Shafinka na intanet gidan ƙasa ne, duk shekara yana son yaɓe

Kamar kullum, ga rubutaccen shirin wannan makon saboda waɗanda data ba ta bari su saurara ba.

Wata 'yar'uwa ɗaliba ce ta turo tambaya. Ta ce bara ta koyi HTML da CSS, ta gina ɗan shafinta na kanta, ta saka ayyukanta a ciki, yanzu kuma duk lokacin da ta buɗe shi sai ta ji ya tsufa a idonta. Wai ta rushe ta sake sabo ne, ko yaya? To 'yar'uwa, zan ba ki amsa, amma bari in fara da nawa abin kunyar, tunda ranar wanka ba a ɓoyon cibi.

Kun tuna watan Yunin 2021, lokacin da gwamnatin Najeriya ta dakatar da Twitter, ba a buɗe ba sai Janairun 2022? A lokacin ne muka farga cewa duk aikin ƙungiyar matasan unguwarmu a gidan aro yake zaune. Hotunan famfunan burtsatse da suka lalace, ajujuwan firamare da iska ta yaye wa kwano, kwafin wasiƙun da muka kai ofisoshi, duk a dandalin wasu muke zuba su. Sai na ce ni zan gina mana shafi namu. Na yi kwana da kwanaki ina fama, na gama, aka yi ta yaba mini. Adireshin shafin har a ƙasan takardunmu muka buga shi.

Daga nan na tafi bautar ƙasa. Imel ɗin da na yi rajistar sunan shafin da shi na makaranta ne, na daina buɗe shi tuntuni. An turo tunatarwa sau nawa, ban gani ba. Wata rana wani dattijo da muka taɓa kai wa takarda ya kira ni, ya ce, "Yaro, wannan wane irin abu ne kuka koma yi?" Na buɗe, wallahi sai ga tallar caca a kan sunan ƙungiyarmu. Sunan ya faɗi, wani ya saye. Rubuce-rubucen ma ba ni da kwafinsu a ko'ina. Aikin kusan shekara biyu, abin da na iya tsinta bai kai rabi ba, shi ma a Wayback Machine na samo shi, wato rumbun da Internet Archive ke adana tsofaffin shafuka.

Ba wani ɗan kutse ne ya yi mana wannan ba. Sakacina ne. Shi ya sa nake cewa shafi kamar gidan ƙasa yake. Ranar da aka gama gini kowa zai zo ya sa albarka, amma mai gida ne kaɗai ya san cewa kafin kowace damina sai an kwaɓa ƙasa an yi yaɓe, an duba indararo.

To menene ke lalacewa a shafi alhali ba wanda ya taɓa shi?

Na farko, abubuwan da kake haya. Mutane da yawa suna cewa "na sayi domen". A gaskiya haya ka kama. Domen shi ne sunan da ake rubutawa a burauza a iso gare ka, kuma shekara-shekara ake biya, kodayake irin su .com za ka iya biyan har shekara 10 gaba ɗaya. Idan wa'adin .com ya cika ba ka biya ba, yawanci kamfanin da ka yi rajista wajensa zai ɗan ɗaga maka ƙafa. Bayan nan akwai kwana 30 na fansa, inda kuɗin ke ninkuwa. Daga nan 'yan kwanaki kaɗan sai a sake shi kasuwa, kuma akwai masu zaman jiran irin waɗannan sunayen, musamman waɗanda mutane suka saba shiga. Namu na .ng da .com.ng kuwa ƙungiyar NiRA ce ke kula da su, kuma da naira ake biya ta hannun dillalanta. Wannan ba ƙaramin abu ba ne. Dalar da take wajen naira 460 a farashin gwamnati a farkon 2023, zuwa Fabrairun 2024 ta haura 1,500. Duk wanda ke biyan shafinsa da dala ya ji a jikinsa.

Sai hostin, wato masaukin da fayilolinka ke zaune a wata kwamfuta da ba a kashewa. Shi ma haya ne, ko da kyauta aka ba ka. Kyauta kuma mai ita yana iya janyewa. Yahoo ta rufe GeoCities a 2009, miliyoyin shafukan mutane suka tafi. Google+ ya rufe a 2019. A Nuwamban 2022 Heroku ya daina bayar da masaukin kyauta, ɗalibai da yawa a duniya da suka ɗora ƙananan ayyukansu a can suka wayi gari linki ba ya buɗewa. Ban ce kar a yi amfani da kyauta ba, ni ma da ita nake amfani. Abin da nake cewa, ka zauna a ciki kamar baƙo, kayanka a ɗaure.

Akwai kuma takardar shaidar tsaro, wadda ke sa adireshinka ya fara da https. Tun Yulin 2018 burauzar Chrome ke yi wa shafin da ba shi da ita tambarin cewa ba shi da tsaro. Let's Encrypt na bayar da ita kyauta, sai dai wa'adinta gajere ne, kwana 90 aka saba. Yawanci tana sabunta kanta, amma ranar da sabuntawar ta maƙale, mai ziyara zai ci karo da jan gargaɗi, ya juya bai dawo ba.

Na biyu, shi kansa kod ɗin yana tsufa. Ba wai haruffan ne ke canzawa ba, ƙasar da yake tsaye a kai ce ke motsi. Duk wanda ya yi shafi da Flash, tun ƙarshen Disambar 2020 da Adobe ta daina tallafa masa aikinsa ya zama kango. Python 2 ma an sallame shi a ranar 1 ga Janairun 2020. Ka rubuta ɗan aikinka da kayan aro guda talatin na wasu mutane, ka dawo bayan shekara biyu, ka tarar ko tashi ba ya yi, saboda biyar a ciki sun canza, biyu kuma masu su sun watsar.

WordPress ma haka. Tun 2003 yake, kuma sama da kashi 40 cikin ɗari na shafukan duniya a kansa suke, saboda haka ɓarayin intanet sun san lungunansa. Mafi yawan ƙofofin da ake shigowa ta cikinsu fulogin ne da aka saka aka manta. Kowane fulogin da ka ƙara, ka ƙara wa gidanka taga. Idan ba ka da lokacin zagayawa kana duba sakata, rage tagogin.

Wannan ya kawo mu ga tambayar 'yar'uwarmu. A rushe ko a gyara?

Kafin ki taɓa komai, ki tambayi kanki: wa shafin nan ya gaza yi wa aiki? Idan amsar ita ce "ni ce dai na gaji da kalarsa", to ki canza kala da salon rubutu a CSS, aikin yamma ɗaya ne. Mu masu koyon kodin muna da wata cuta. Da mun ga sabon kayan aiki ana yayinsa, sai mu ce bari mu sake gina komai da shi. A yi wata uku ana gini, sabon bai ƙaru ba, tsohon an daina kula shi, rubutu ko ɗaya ba a ƙara ba. Ni kaina sau biyu ina faɗa wa wannan ramin.

Amma akwai dalilai na gaske. Idan shafin ba ya buɗewa da kyau a ƙaramar waya, dalili ne, domin yawancin mutanenmu da waya suke shiga. Idan yana cinye data, dalili ne. Hoto ɗaya daga kyamarar waya yana iya kai megabait 4. Ki jera goma a shafi guda, kin ci wa mutum megabait 40 kafin ya karanta layi ɗaya. Ki rage girmansu, ki mayar da su WebP, kowanne zai iya dawowa ƙasa da kilobait 200 kuma ido ba zai ga bambanci a waya ba. Idan kuma ƙara sabon rubutu yana ɗaukar ki awa guda saboda wahalar tsarin, shi ma dalili ne babba, don abin da ke da wahala ba a ɗorewa da shi.

Mu masu rubutu da Hausa muna da ƙarin abin dubawa: haruffa masu lanƙwasa, ɓ da ɗ da ƙ da ƴ. Sau da yawa za ka zaɓi salon rubutu mai kyau, sai ka ga "ƙasa" ta fito da ɗan akwati a gaba, ko harafin ya fito daban kamar baƙo a cikin kalma. Ki tabbatar shafin yana kan UTF-8, ki gwada salon da kalmomi irin su "ɓarna" da "ɗaki" kafin ki amince da shi. Jerin Noto na Google yana da su. Ki kuma saka alamar harshe ta "ha" a saman shafin, don a san Hausa ce.

Idan kin yanke shawarar sake gini, ga doka ɗaya da ba na so ki karya: kar ki kashe tsofaffin adireshi. Tim Berners-Lee, mutumin da ya ƙirƙiro yanar gizo a cibiyar CERN, tun 1998 ya yi rubutu a kan wannan, cewa adireshi mai kyau shi ne wanda ba ya canzawa. Ki tuna duk inda linkinki ya je: cikin takardar neman aiki, guruf ɗin WhatsApp, sakamakon Google. Idan sabon gini ya canza hanyoyin, duk waɗannan mutanen 404 za su tarar. Ki rubuta jerin tsofaffin adireshi kafin ki fara. Wanda zai iya zama yadda yake, ki bar shi. Wanda dole ya canza, ki yi masa juyi na 301, wato umarnin da ke cewa an tashi daga nan an koma can, burauza ta kai mutum da kanta. Kuma tsohon shafin ya ci gaba da aiki har ranar da sabon ya kammala. Ba a rushe ɗakin kwana da damina don ana shirin gina sabo.

Shawarata ga shafin mutum ɗaya, wanda rubutu ne da hotuna da bayanin ayyuka: a yi shi da fayiloli tsayayyu, HTML da CSS, ko da kayan aiki irin su Hugo ko Jekyll. Babu rumbun bayanai da za a fasa, babu fulogin da zai tsufa, kuma GitHub Pages zai ɗauke shi kyauta. Ranar da suka canza ra'ayi, ka ɗauki foldarka ka koma wani wuri. Shafin farko a duniya, wanda aka buɗe wa jama'a a 1991, HTML ne zalla, kuma kwafinsa yana buɗewa a burauzar yau.

Su kuma ƙananan ayyukan kodin da muke yi don sha'awa, ɗan bot na Telegram, manhajar lissafin adashe, ƙamus ɗin da aka fara ba a gama ba, abu uku nake roƙo. Ka saka su a Git tun ranar farko, don ka iya komawa baya idan ka ɓata. Ka rubuta fayil ɗin README da ke bayanin abin da aikin ke yi da yadda ake tayar da shi, saboda kai ɗin nan bayan wata shida baƙo ne a gidanka. Sannan kar ka taɓa ɗora kalmar sirri ko makullin API a ma'ajiyar da kowa ke gani, akwai injinan da aikinsu kenan, shara suna neman irin wannan.

Kuma ba kowane aiki ne sai an raya shi har abada ba. Idan ka koyi abin da ka shiga koya, ya biya ka. Ka rubuta a samansa cewa an daina kula da shi, ka rufe shi da tsarin adanawa na GitHub, ka kashe duk abin da ke cin kuɗi. Idan akwai bayanan mutane a ciki, lambobin waya ko sunaye, ka goge su. Kangon da aka bari da bayanan jama'a amana ce aka yasar a titi.

Yanzu ni ga yadda nake yi. Sau biyu a shekara, bayan ƙaramar sallah da kuma ƙarshen Disamba, ina ware yamma ɗaya. In duba ranar ƙarewar domen da katin da ke biya. In tabbatar imel ɗin rajista wanda nake buɗewa ne kullum. In sauke kwafin komai, ɗaya a kwamfuta, ɗaya a filash, ɗaya a ma'ajiyar intanet, in kuma buɗe kwafin in ga da gaske yana aiki. In sabunta abin da ke son sabuntawa, in danna linkuna in ga waɗanda suka mutu, in ari wayar ƙanwata mai ƙaramin ƙarfi in buɗe shafin da ita. Na ƙungiya kuwa, yanzu mu uku ne ke da makulli, kuma ranar biyan kuɗi tana rubuce a littafin sakatare. Gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba.

Saboda haka 'yar'uwa, kafin ki zaɓi sabuwar kala, yau ɗin nan ki je ki duba ranar da domen ɗinki zai ƙare, ki saka ƙararrawa wata guda kafin ranar, ki sauke kwafi. Idan kin yi wannan, sai mu yi maganar kwalliya.

Wanda ya taɓa rasa shafi ko wani aiki irin haka, ya ba mu labari a ƙasa, wani zai tsira da shi. A tura wa abokin da aka san yana da shafin da ya kwana biyu bai leƙa ba. Sai mako mai zuwa idan Allah ya kai mu.