Fitilar Shuka a Ƙasar Rana: Lissafin da Ya Kamata a Yi Kafin a Yi Oda

Duk wanda ke leƙa TikTok ko YouTube ya taɓa cin karo da ita: fitila mai haske ruwan hoda ko shunayya, rataye a cikin wani ɗan tanti baƙi, ƙarƙashinta ganye ya yi shar kamar ana tsakiyar damina. Mai talla zai ce maka da wannan fitila ba ka buƙatar gona, ba ka buƙatar rana, ɗaki ɗaya ya isa. Ga iyalin da suka koma Omdurman ko Bahri bayan wahalar yaƙi, suka tarar kuɗin kayan miya ya fi ƙarfin aljihu, wannan magana tana da daɗin ji. Ga ɗan kasuwa kuma, nan take zuciya ke raya masa cewa ga sabuwar haja: a yi odar kwali goma daga Dubai ko Guangzhou, a sauke a Port Sudan, a baza a Suk Libiya ko Sabirin.

To, a ɗan dakata tukuna, a duba su wa aka ƙera wa fitilar. Mafi yawan waɗannan bidiyoyi daga ƙasashen sanyi suke fitowa, kuma kaso mai yawa na masu yin su ba latas suke nomawa ba, tabar wiwi ce. Kanada ta halatta ta a watan Oktoban 2018, Jamus kuma tun Afrilun 2024 ta yarda baligi ya shuka tushe uku a gidansa. Mutumin da a watan Disamba rana ke faɗuwa masa tun ƙarfe huɗu, kuma abin da yake shukawa ke da tsada haka, shi ne fitila ke biya wa buƙata. Shi ya sa za ka ga hoton ganyen nan mai yatsu a jikin kwalaye da yawa, da littafin bayani da ke koya yadda za a ƙara yabanya.

A Sudan kuwa labarin daban ne. Abin da ake kira bango a nan haram ne a ƙarƙashin dokar miyagun ƙwayoyi ta 1994: shukawa laifi, ajiyewa laifi, fatauci kuma na iya kai mutum ɗaurin rai da rai, a wasu lokutan har hukuncin kisa. An daɗe ana noma shi a ɓoye a yankin Radom na Kudancin Darfur, kuma jami'an tsaro sun san hanyoyin da yake bi zuwa babban birni. Fitila ita kaɗai ba laifi ba ce. Amma Bahaushen da ke wucewa ta shingayen bincike a wannan zamani, wanda ko a lokacin zaman lafiya ana iya tsayar da shi a tambaye shi takardar zama ɗan ƙasa alhali kakansa a Mai Wurno aka haife shi, ba ya buƙatar kwali mai hoton wiwi a bayan motarsa. Iyaye kuma su sa ido. Yaron da ya ce a saya masa tanti da fitila da fanka mai tace wari don zai noma na'a-na'a, a zauna da shi a yi magana, domin na'a-na'a ba a ɓoye ƙanshinta.

Mu ajiye batun doka, mu koma kan lissafi, don a nan ne maganar ta fi ban sha'awa.

Shuka tana cin haske ne kamar yadda dabba ke cin harawa, kuma akwai adadin da take buƙata a wuni. Masana aikin gona suna auna shi da ma'aunin da suke kira mol. Ganye irin latas yana son kamar mol 12 zuwa 17 a kowace murabba'in mita a rana. Tumatir da tattasai masu 'ya'ya sun fi haka ci, sukan so 20 zuwa 30. Ranar Khartoum, a wunin da sama ta washe, tana zubo fiye da mol 40 a kan kowace murabba'in mita ta tsakar gidanka, ba tare da ka biya ko sisi ba. Wato abin da Bature ke kashe kuɗi yana nema, mu a nan ya yi mana yawa har sai mun rage shi.

Yanzu ɗauki fitilar LED mai kyau da ke jan wat 100 na gaskiya. Idan ta yi awa 14 a kunne, za ta ba da kusan mol 12 zuwa 13, daidai cin murabba'in mita ɗaya ta latas, faɗin 'yar ƙaramar tabarma ke nan. Wutar da ta sha kuwa kilowat 1.4 ce a kullum. Na ce wat na gaskiya, saboda yawancin masu araha da aka rubuta wa 1000W a jiki, in ka sa mita za ka tarar abin da suke ja bai wuce 100 zuwa 150 ba, haskensu ma bai kai na mai kyau ba. Tsohuwar fitilar sodiyam mai hasken rawaya, irin ta kan titi, ita kam wat 400 ko 600 take ci, kuma zafin da take fitarwa a ɗakin Omdurman cikin watan Mayu, lokacin da waje ma ya haura digiri 40, zai dafa shukar kafin ta yi ganye huɗu.

Daga ina wutar za ta fito? Wannan tambayar kowa a birnin ya san amsarta. Tun da yaƙi ya ɓarke ranar 15 ga Afrilun 2023 wutar gwamnati ba ta sake zama abin dogaro ba. An kwashe wayoyi da taransifoma a unguwanni da dama, jirage marasa matuƙa sun kai hari tashar madatsar Marawi a farkon 2025, sannan a watan Mayun shekarar aka bugi tashoshin wuta a Omdurman, jihar Khartoum ta kwana cikin duhu. Saura sola. Faranti mai wat 300 yakan ba da kamar kilowat ɗaya da rabi a wuni, ke nan fitila ɗaya ta cinye faranti guda sukutum, ga batir, ga inbata. Faranti da faɗinsa ya kusa murabba'in mita biyu zai tare rana a kan rufi, ya mai da ita wuta, wuta ta koma haske, don a ciyar da murabba'in mita ɗaya a cikin ɗaki. Da an fito da tukwanen waje an huta. Wannan farantin kuma shi ne zai iya juya fanka da caja wayoyin gida, ko ya taimaka wa firij ɗin da uwargida ke sayar da ƙanƙara da zoɓo.

Matsalar mai shuka a Khartoum ba ƙarancin haske ba ce, zafi ne da ruwa da ƙura. Ruwan sama a shekara ba ya kai milimita 200, shi ma daga Yuli zuwa Satumba. Manoman tsibirin Tuti da na Shambat, waɗanda suka daɗe suna ciyar da birni da jirjir da rijla da lemun tsami, sun san cewa lokacin kayan lambu shi ne sanyi, daga Nuwamba zuwa Fabrairu. A lokacin ne latas da jirjir da tumatir ke yin kyau a fili. In zafi ya shigo sai a koma wa masu jure shi: lalo, wanda maƙwabtanmu ke kira khudra ko mulukhiyya, da kuɓewa, da yakuwa, da alayyahu, da zogale a kusurwar gida. Duk waɗannan iyayenmu mata sun san su tun daga Kano da Katsina, ba sai an koya musu ba.

Abin da ya fi fitila amfani a nan shi ne inuwa. Rakuba ta zana ko ragar inuwa da ke tare kashi 30 zuwa 50 na rana, a kafa ta yadda shuka za ta sha hantsi ta tsira daga ranar azahar. Buhunan siminti ko jarkoki da aka yanke, a huda ƙasansu, a cika da ƙasar bakin kogi da takin awaki da ya ruɓe sosai. A rufe saman ƙasar da busasshiyar ciyawa don kada ruwa ya tsere. Wanda ke sayen ruwa a wurin mai karo ya san darajar kowane bokiti, don haka ruwan wankin shinkafa da na alwala su tafi gindin shuka, ban da mai omo. Bayan habub kuma a yayyafa wa ganye ruwa, saboda ƙurar da ta kwanta a kansa tana toshe masa numfashi.

Ban ce fitila ba ta da wuri ko kaɗan ba. Mai son ya riga kowa kai tumatir kasuwa yana iya rainon irinsa a cikin ɗaki mai sanyi-sanyi a watan Satumba, lokacin da waje bai huce ba. Wannan aikin ba ya buƙatar fitila mai ruwan hoda. Dogayen fitilun LED farare guda biyu, irin na shago, a rataye su kamar taƙi ɗaya sama da faifan irin, awa 14 a rana, na tsawon mako huɗu zuwa biyar, sun wadatar, kuma wat 40 kacal za su ci su biyun. In ka ga tsiron ya yi tsawo siriri yana langaɓewa, haske ya yi masa kaɗan, sai a matso da fitilar. Kafin a dasa kuma a riƙa fitar da shi inuwa yana sabawa da iska na kwana biyar ko mako guda.

Ga mai neman hajar da za ta shiga a kasuwannin da ke farfaɗowa, ni dai a ganina ragar inuwa da siririn tiyon ban ruwa mai ɗigo da irin kayan lambu mai kyau da ƙaramin famfon sola sun fi fitilar tanti masu saye nesa ba kusa ba. Wanda kuma ya nace sai ya shigo da fitilun, ya gaya wa wakilinsa na can tun kafin a ɗaure kaya cewa farare yake so, a rubuta wat na gaskiya a takardar kaya, kuma a turo masa hoton kwalin ta kowane gefe kafin ya tura kuɗi.