Dutse Mai Rai: Labarin Murjani Da Kiwonsa Cikin Akwatin Gilashi

Mutanen Buji da Gantsa da Dutse ba baƙin duwatsu ba ne, a gabansu su ke dare da rana. Amma akwai wani irin dutse a ƙarƙashin teku wanda ya ke ci, ya ke girma, ya kan kuma mutu. Shi ne murjani, wanda sunansa ya zo tare da lu'ulu'u a cikin Suratur Rahman.

Alhazan dauri da su ka bi ta ƙasa zuwa Makka sun gan shi da idonsu. Gidajen Sawakin, inda su ke shiga jirgin ruwa su ƙetare Bahar Maliya, da gidajen tsohon birnin Jidda inda su ke sauka, da dutsen murjani a ka gina su. Yau kuwa samari na ganin hotonsa a waya, an jera shi cikin akwatin gilashi da kifaye masu launi, har waɗansu masu kiwon kifin ado su na sha'awar su gwada. To, kafin mutum ya zuba dukiyarsa, ya kamata ya san abin da zai ɗauko.

Da can masana sun ɗauka tsiro ne. A shekarun 1720 wani likitan Faransa mai suna Peyssonnel ya nuna cewa ƙananan dabbobi ne da su ke zaune a cunkushe. Kowace ta na tsotso alli daga ruwan teku ta gina wa kanta ɗaki. In ta mutu, 'ya'ya su yi gini a kan kufanta, a hankali har ya zama tudu. Mafi girman irin waɗannan tuddai ya na gaɓar Ostareliya, tsawonsa kimanin kilomita 2,300.

Sai dai murjani iri biyu ne a wannan magana. Jan nan da mata ke ratayawa a wuya, wanda fatake su ka riƙa kawowa Kano ta hamada, daga Bahar Rum ya ke fitowa, kuma a wurare masu duhu ya ke zama, ba ruwansa da rana. Mai gina tudu kuwa ya na da wata gansakuka ƙanƙanuwa a cikin namansa. Ita ce ke haɗa abinci da hasken rana kamar yadda ganyen gero ke yi, ta ci, ta ciyad da mai masaukinta. Watau hasken rana shi ne gonarsa.

Saboda haka wanda ya ke da akwatin kifin teku, ya na so ya sa murjani a ciki, fitila ce farkon abin da zai sake. Kifi ba ya bukatar haske sai don ya ga abinci, amma murjani da shi ya ke rayuwa. A na amfani da fitilun LED masu ƙarfi, masu yawan shuɗi, domin ruwa ya kan haɗiye jan haske tun daga sama, shuɗin ne ke kai wa ƙasa. A kan kunna sa'a 8 zuwa 12 kowace rana. Ba a sakar wa sabon murjani haske gaba ɗaya, sai a riƙa ƙarawa kaɗan kaɗan, don kada ya ƙone.

Abu na biyu shi ne dutse mai rai. Tsohon ginin murjani ne da ya mutu, mai ramuka kamar soso, ƙwayoyin halitta su ka tare a ciki. Kashin kifi na fid da wata guba mai suna amoniya, waɗannan ƙwayoyi su ne ke juya ta zuwa abin da cutarsa ba ta kai ta farko ba. Masu kiwo sun saba sa kimanin rabin kilo ga kowace lita 4 ta ruwa. Sabon dutse sai an jiƙa shi dabam na makonni, a na gwada ruwan, har a ga amoniya ta ƙare, sa'an nan a kai shi akwati. Dutsen Dutse ba zai maye gurbinsa ba, gama dunƙulalle ne, ba shi da ramuka. Kuma akwatin da a ka taɓa zuba wa maganin kifi mai jan ƙarfe a ciki, duwatsunsa da yashinsa sun haramta ga murjani, domin jan ƙarfe kashe shi ya ke yi.

Ruwan kuma ba na rijiya da gishirin miya ba ne. Tacaccen ruwa ne a ke haɗawa da gishirin teku na musamman, giram 35 a lita guda. Dole da famfo mai kaɗa ruwan kullum, kuma a fid da kifayen da ke cin murjani.

A nan wuyar ta ke ga mutumin Jigawa. Murjani na son ruwa ya tsaya tsakanin digiri 24 da 27. Bazara a wannan ƙasa ta kan wuce digiri 40, daren hunturu kuma ya kan sauko ƙasa ƙwarai. In ruwa ya yi zafi, murjani ya kan kori gansakukarsa, ya yi fari fat kamar ƙashi, in abin ya daɗe ya mutu da yunwa. Haka ya faru a tekunan duniya a 1998, ya kuma halaka murjani mai yawa a Ostareliya a 2016. Abin da ya gagari teku, ina ga akwati? In wuta ta ɗauke wuni guda, famfo da na'urar sanyaya ruwa su ka tsaya, wahalar shekara na iya tafiya a banza. Wanda ba shi da sola da batir masu ɗaukar dare da rana, gara ya haƙura.

Akwai kuma doka. Yarjejeniyar CITES ta 1973, wadda Nijeriya ke cikinta, ta hana fid da murjani mai dutse daga ƙasa zuwa ƙasa sai da takardar izini. Don haka masu hankali su kan sayi busasshen dutse ko wanda a ka ƙera, su bari ƙwayoyin su tare a hankali, ba su sa a farfasa tudun da ya yi ɗaruruwan shekaru a na gininsa ba.

Duk wanda ya tsare dabba, cinta da shanta na wuyansa. Mai hali da haƙuri ya fara da murjani mai laushi, wanda ya fi jure kuskure. Wanda ba shi da hali kuwa, tarwada da karfasa na nan, sun saba da ruwan ƙasar. In Allah ya kai shi Jidda, akwai gidan kallon kifi na Fakieh a bakin teku, sai ya je ya more idonsa. Allah ya sa a dace, amin.