Inda Ƙazantar Gidajenmu Take Zuwa, Da Abin Da Ya Haɗa Ta Da Shanu

Wani zai ce me ya haɗa ɗan kara da zancen masai? To a yi haƙuri a ji.

A nan Ankara, babban birnin Gana, yawancin gidaje ba su da bututun da ke kwashe bahaya ta ƙarƙashin ƙasa. Rami ake haƙawa, ko a gina tanki, in ya cika a kira mai mota ya zo ya zuƙe. Shekara da shekaru motocin nan a bakin teku suke juyewa, a wurin da ake kira Lavender Hill kusa da Korle Gonno. Duk wanda ya bi ta nan a da, hancinsa ya ba shi labari. Sai a 2016 aka buɗe matata a wurin, kamfanin Sewerage Systems Ghana ke gudanar da ita.

Ga yadda aikin yake. Mota ta juye, sai ruwan ya bi ta rariyar ƙarfe, ta tare leda da tsumma. Yashi ya kwanta a ƙasa. Daga nan inji ya matse, kauri gefe, ruwa gefe. Ruwan a tura shi cikin manyan tankuna, wasu ƙwayoyin halitta da ido ba ya gani su cinye dattin da ya rage, kafin a sake shi. Ikon Allah ke nan. Kaurin kuwa shanya shi ake yi, a yi taki.

Amma fa ruwan wanka da na wanke-wanke, shi kwata yake bi ya faɗa rafin Odaw, ba mai tace shi. Kuma ba kowane mai mota ne ke kai kayansa matata ba, wani a daji yake zubarwa da dare.

Nan ne abin ya shafe mu. Mutumin da ke da tsila a ciki, ƙwanta na fita cikin bahayarsa. Sa ya ci ciyawar wurin, ƙwan ya shiga jikinsa ya zama 'yan ƙulli-ƙulli farare a nama, musamman kumatu da harshe da zuciya. A kara ba ka ganin komai, sa lafiyayye. Sai an yanka likitan mahauta ya tsaga, ya hana naman. Ni kaina na taɓa yin asarar sa guda a haka, mahauci ya dawo mini da magana.

Saboda haka wanda ya sauke shanu a Tulaku, ya ja kunnen yaransa: kada su kai su kiwo bakin kwata ko inda mota ta juye, komai kyan ciyawar.