Daga 0.5 zuwa 4.5: Alƙaluman da za a duba kafin a yar da sensar totur

Da kaka ta yi a Tsiga da sauran garuruwan ƙaramar hukumar Bakori, motar haya ba ta hutawa. Golf da Sharon su ne ke jigilar mutane da buhunan masara, dawa da waken suya zuwa kasuwannin Bakori, Funtua, Dandume da Malumfashi, kuma a daidai lokacin ne ƙurar hunturu ke sauka. Shi ya sa direbobi ke yawan taɓa hanyar iskar inji: wani ya sa a wanke masa turotul bodi, wani ya sayo na Beljiyam, wani ya cire akwatin iyakilina ya ɗaura matata mai buɗaɗɗen baki don mota ta ƙara ja. Bayan kwana biyu sai silo ya haye ko ya riƙa mutuwa, mota ta dinga fizga, fitilar cek-inji ta kama. Nan take sai a ɗora laifin a kan sensar totur, wadda makanikai ke kira TPS. Alƙaluman da ke ƙasa suna nuna yadda za a gane ko ita ce, ko kuwa aikin da aka yi a gefenta ne.

5: wutar da ake ba ta

A motar da ke da wayar totur, sensar tana da wayoyi 3. Ta farko tana kawo mata folt 5 daga birenbos, wato kwamfutar inji, ta biyu negatif ce, ta uku kuma ita ke mayar da labarin yadda murfin iska na cikin turotul bodi ya buɗe. Batirin mota mai lafiya yana nuna kusan folt 12.6 a kashe, da 13.5 zuwa 14.5 in inji na aiki, amma birenbos yana rage wa sensar zuwa 5 daidai. Idan riwaya ya kunna makulli ya ɗora mita bai ga abin da ya kusa 5 ba, to ciwon yana waya, ko soket, ko birenbos. A motoci da yawa wannan layin na folt 5 sensa fiye da ɗaya ke sha daga gare shi, don haka waya ɗaya da aka matse lokacin mayar da tiyo tana iya rikita su duka.

0.5 zuwa 4.5: tafiyar murfin iska

Murfi a rufe, wayar labari kan nuna kusan folt 0.5, kodayake wasu injina kan kai kusan 1. Idan aka take totur har ƙasa, sai ta kai wajen 4.5. Abin lura shi ne yadda lambar ke hawa a tsakani. A taka a hankali, ido a kan mita: lamba ta tashi sannu a hankali ba tsalle, ba faɗuwa. Idan a wani wuri ta faɗo sifili ta sake tashi, to zanen da ke cikin sensar ya cinye a nan, kuma galibi wurin da ƙafar direba ta fi zama ne. Wannan ita ce shaidar da ke tabbatar da cewa sensa ta mutu.

Akwai wani ruɗani da sikana, na'urar da ake haɗawa da birenbos, ke jawowa. Tana iya nuna kashi 10 ko 15 cikin 100 alhali ba a taɓa totur ba, kuma ta tsaya a kashi 80 zuwa 90 an take har ƙasa. Lissafi ne kawai: 0.5 cikin 5 shi ne kashi 10, 4.5 cikin 5 kuma kashi 90. An bar gefe biyun ne da gangan, don in birenbos ya ga sifili ko 5 cif ya san waya ta tsinke ko ta haɗe da wata.

P0120 zuwa P0124: abin da sikana ke faɗa

Tsarin OBD-II mai soket ɗin rami 16 ya zama tilas a Amurka daga 1996, a Turai kuma irinsa ya hau kan motocin fetur daga 2001. A cikinsa P0122 na nufin wutar wayar labari ta yi ƙasa sosai, wajen folt 0.2 ko ƙasa da haka. P0123 na nufin ta yi sama, ta kusa 5. P0124 na nufin labarin yana zuwa yana ɗaukewa. Waɗannan ukun sun fi nuna soket da bai shiga ba, ko fil da ya lanƙwashe, ko waya da ta goge a jikin ƙarfe. P0121 kuwa cewa take yi abin da sensar ke faɗa bai dace da yawan iskar da ake aunawa ba, don haka ɗigon iska a tiyo ma yana iya tayar da ita. Kowace lamba a cikinsu tana nuna layin da za a bincika ne, ba ta ce a sayi sabuwar sensa ba.

00518: lambar masu Golf

Golf 3, wadda aka fara ƙerawa a 1991, ta riga dokar Turai, shi ya sa ƙaramar sikana kan ƙi karanta da yawa daga cikinsu. Na'urar da ke jin yaren Volkswagen ita ke nuna 00518 idan matsalar ta shafi wannan sensa. Injin 1.8 mai injekta guda ɗaya a saman turotul bodi yana amfani da tsarin Mono-Motronic na kamfanin Bosch, wanda ba shi da iyafulo, wato sensar da ke auna iska. Birenbos yana ƙiyasta iska ne daga abu biyu: buɗewar murfi da gudun inji. Saboda haka aka yi wa sensarsa layi biyu, ɗaya daga digiri 0 zuwa 24, ɗayan daga 18 zuwa 90, don a fi auna ƙaramin taki da kyau. A irin wannan inji, kwance sukurorin sensar a juya ta da ka yana canja cin mai gaba ɗaya. Robar da turotul bodin ke zaune a kanta ma tana tsagewa da tsufa ta riƙa shan iska, a ɗauka sensa ce.

14.7: ma'aunin iska da mai

Injin fetur yana son kilo 14.7 na iska a kan kilo 1 na mai. Lita ɗaya ta fetur tana da nauyin kusan kilo 0.74, ke nan tana buƙatar kusan kilo 11 na iska, wato wajen lita 9,000. Duk wannan iskar ta matata take bi, a kan hanyar burji, cikin hunturu. Matata mai buɗaɗɗen baki da ba ta tace ƙura sosai tana barin datti ya taru a bakin murfi da kan iyafulo, kuma idan aka ɗaura ta a kusa da inji iska mai zafi take zuƙa.

A motar da ke da iyafulo, duk iskar da ta shiga ta tsaga bayan iyafulon ba a lissafa ta ba. Sikana tana nuna gyaran da birenbos ke yi wa mai a cikin kashi. Daga ragin kashi 10 zuwa ƙarin kashi 10 ana ɗaukarsa lafiya. Idan ƙarin ya kai wajen kashi 20 zuwa 25, lambar P0171 kan fito. Gwajin mai sauƙi ne: in ƙarin ya yi yawa a silo amma ya sauko da aka ɗaga inji zuwa juyi 2,500 a minti, to a nemi tsaga a tiyo, ko gasket, ko kilif da ba a ɗaure ba.

600 zuwa 900: silo

Yawancin ƙananan motocin fetur suna silo tsakanin juyi 600 zuwa 900 a minti bayan inji ya yi zafi. Birenbos yana sabawa da dattin da ya taru a bakin murfi, ya riƙa ƙara buɗewa don ya rama. Da an wanke ko an canja turotul bodi, sai tsohon lissafin ya yi yawa, silo ya haye. Maganin shi ne a sake koya masa. A Volkswagen ana yin haka da na'ura, a tasha 098 ga masu wayar totur da ke da ƙaramin injin lantarki na silo a jiki, a tasha 060 ga masu totur na lantarki. A motar waya kuma a duba ko an ja wayar ta yi tauri har ta hana murfi rufewa.

2: sensa biyu a totur na lantarki

Corolla da Camry na baya-bayan nan ba su da wayar totur. Ƙaramin injin lantarki ne ke buɗe murfi, kuma sensa biyu ke sa ido a kansa. A Volkswagen ɗaya na hawa ɗaya na sauka, jimlarsu kusan folt 5. Idan suka saɓa, lambar P2135 kan fito, birenbos ya rage wa mota ƙarfi don kariya. Turotul bodin wani inji yana iya shiga daidai a sukurori amma jerin wayoyinsa ya bambanta, don haka a gwada lambar da ke jikin tsohon da ta sabon tun a shago, ko a Funtua ne ko a Kofar Ruwa ta Kano. Kada kuma a sa yatsa a murfin alhali makulli na kunne.

Abin da sakaci ke ci

Daga 29 ga Mayu 2023, da aka sanar da cire tallafin mai, litar fetur ta tashi daga ƙasa da naira 200 ta haura 500 cikin kwanaki, ta kuma wuce 1,000 a ƙarshen 2024. A ɗauka mota tana shan lita 10 a kilomita 100, sai saitin da ya karkace ya ƙara mata kashi 15. Lita 1.5 ke nan a kowane kilomita 100, lita 45 ga wanda ke yin kilomita 3,000 a wata.

Direba, kafin ka miƙa kuɗin sensa, ka nemi riwaya ya nuna maka lambobi uku a fuskar mita: 5 a wayar wuta, kusan 0.5 murfi a rufe, kusan 4.5 a buɗe, da hawa ba tsalle a tsakani. In sun fito daidai, a bar sensa inda take, a koma kan tiyo, gasket, soket da saitin birenbos.