GURJIYA 'YAR'UWAR WA CE, GYAƊA KO WAKE?

'Yan'uwa manoma, in aka tambaye mu wace shuka ce ta fi kusa da gurjiya, wadda waɗansu ke kira ƙwaruru, yawancinmu za mu ce gyaɗa, domin dukansu biyu a cikin ƙasa suke 'ya'ya. Amma masana sun ce wake ne ɗan'uwanta na kusa. Bari mu ga yadda suke gane haka.

Dabarar da suke bi ita ce lissafin tsimi. Shuke-shuke suna gadon kamanni daga kakanninsu, sabuwar kama kuwa ba ta cika ɓullowa ba. Saboda haka akan zana kowace bishiyar zuriya da za ta yiwu, a ƙirga sau nawa kama ta sāke a kan kowacce, sa'an nan a zaɓi mai sauyi mafi kaɗan. Wani Bajamushe, Willi Hennig, shi ya kafa tushen wannan tunani a 1950. A 1971 kuma Walter Fitch na Amurka ya tsara hanyar ƙirgar.

Mu ma za mu iya gwadawa. Mu ɗauki wake, da gurjiya, da gyaɗa. Mu sa tsamiya ta zama ma'auni, domin danginsu ce ta nesa. Ga kamanni uku da za mu duba:

1. Ganyen wake da na gurjiya reshe uku ne, ɗaya a kan tsini. Na gyaɗa da na tsamiya bibbiyu suke jere, ba na tsini.

2. Wake da gurjiya suna da ɗan ƙaramin kunne a gindin kowane reshen ganye. Gyaɗa da tsamiya ba su da shi.

3. Gyaɗa da gurjiya suna binne 'ya'yansu. Wake da tsamiya ba sa yi.

To, ga lissafi. In muka haɗa wake da gurjiya a reshe ɗaya, kama ta fari ta ɓullo sau ɗaya wurin kakansu, ta biyu ma sau ɗaya, binne 'ya'ya kuwa sau biyu dabam dabam. Jimla 4 ke nan. In muka haɗa gyaɗa da gurjiya, binne 'ya'ya sau ɗaya ne, amma sauran biyun kowacce na bukatar sauyi biyu. Jimla 5. In kuwa wake da gyaɗa muka haɗa, jimla 6. Bishiya ta fari ta fi tsimi, ita za mu ɗauka. Watau gyaɗa a Amurka ta Kudu, gurjiya a nan Afirka, kowacce ita kaɗai ta samu halin binne 'ya'ya. Gaskiyar Bahaushe, kama da wane ba ta wane.

Mu lura, kamanni uku sun yi kaɗan ga yanke hukunci. Masana sukan duba da yawa, yanzu har da ƙwayoyin gado, su bar wa kwamfuta ƙirga, gama iri 10 kacal suna ba da bishiyoyi fiye da miliyan 34. Dabarar kuma takan yi kuskure. A 1978 Joseph Felsenstein ya nuna cewa zuriya biyu masu saurin sākewa sukan yi kama bisa katari, har lissafi ya haɗa su alhali ba dangin kusa ba ne. Game da gurjiya dai, a 1980 aka mai da ita cikin jinsin wake, binciken ƙwayoyin gado kuma ya goyi bayan haka.

Ina amfanin wannan gare mu? 'Yan'uwa na kusa sau da dama abokin gābarsu ɗaya ne. Ƙwaron nan da ke huda wake a rumbu yana huda gurjiya ma. Don haka kada ƙungiya ta jibge sabuwar gurjiya kusa da tsohon wake mai ƙwari. A shanya ta sosai, a zuba a buhu ko duro wanda iska ba ta shiga, daidai yadda muke yi wa wake.