Ko Kun Sani?

Johan Galtung, masani ɗan ƙasar Norway da ya rasu a 2024, ya raba rahoton rikici gida biyu. Aikin jarida na yaƙi yana ƙidaya gawa da makamai, yana tambayar wa ya yi nasara. Na zaman lafiya kuwa yana tono sanadi, yana bin waɗanda abin ya shafa bayan ƙura ta lafa.

Alal misali, da aka sace ɗaliban Kwalejin Gwamnatin Tarayya ta Birnin Yauri ran 17 ga Yunin 2021, labarin artabu ya cika kafafen yaɗa labarai. Abin takaici, hankali ya koma wani wuri, alhali 'yan mata 11 na daji har 2023, iyayensu na ta fafutukar haɗa kuɗin fansa.