Masu Saita Agogon Duniya: Yaushe A Ke Sauke Tukunya?

Duk wanda ya taɓa zama a rumfar masu gyaran waya a babbar kasuwar Jalingo ya san wannan ƙorafi. Mutum zai zo hankali a tashe, ya ce wayarsa ta lalace, WhatsApp ya ƙi buɗewa. Mai gyara ya karɓa ya duba, sai ya tarar lafiyarta ƙalau, kwanan wata ne kawai ya koma baya. Da ya saita agogon, shi ke nan, komi ya koma daidai.

A da can, mutum ya kan saita agogonsa ne da labaran rediyo, in ya yi gaba ko baya da minti biyar ba wanda zai kula. Kai, rana ma ta kan tsaya tsaka a Jalingo kusan minti 25 kafin ta tsaya a Sakkwato, amma tun 1919 agogo ɗaya ƙasar nan ke bi, ba a kuwa ji an yi rigima ba. To, na'ura ba ta da wannan haƙuri. Idan mai POS ya tura kuɗi daga Jalingo, tilas ne kwamfutocin da ke tsakaninsa da banki su yarda a kan lokaci guda, in ba haka ba a kasa gane cinikin da ya riga wani.

Hanyar da yawancin kwamfutocin duniya ke bi wajen daidaita agogonsu ita ce wadda a ke kira NTP. Wani malami, David Mills, wanda ya daɗe yana koyarwa a Jami'ar Delaware ta Amurka, shi ne ya tsara ta, aka buga ƙa'idojinta a 1985. Ya rasu a watan Janairu na 2024. Dabarar kuwa ita ce, kwamfuta ta tambayi wata wadda ta fi ta kusa da agogo mai inganci, ta lura da lokacin da tambaya ta tashi da lokacin da amsa ta iso, ta ɗebe tsawon tafiyar, sa'an nan ta ja agogonta sannu a hankali har ya zo daidai.

Abin mamaki shi ne, manhajar da ke wannan aiki ba ta wani kamfani ba ce. Aikin gayya ne, watau rubutunta a buɗe ya ke, kowa na iya dubawa, ya gyara, ya ɗauka kyauta. A nan ne fa tambaya ta taso. Kamfani yana da manaja mai cewa ranar kaza za a kai kaya kasuwa. A aikin gayya kuwa, wa zai ce tuwo ya nuna, a sauke tukunya? In an yi hanzari a ba miliyoyin na'urori ɗanye, in an yi nawa a bar su da tsohon da aka san yana da ɓaraka.

Shekarar 2014 ta nuna illar nawa. A tsohuwar manhajar akwai wani umarni mai suna monlist, wanda in an aiko masa 'yar tambaya sai ya mayar da jerin na'urori har 600 da suka tuntuɓe shi. Masu kutse suka gane haka, suka riƙa aika tambaya da adireshin wanda su ke so su durƙusar, amsoshi su yi masa ambaliya. Cikin watan Fabrairu na shekarar aka kai irin wannan hari mafi girma da aka taɓa gani zuwa lokacin. Kafin shekarar ta ƙare kuma ma'aikatan Google suka gano wasu kafofin, aka saki fitowa mai lamba 4.2.8 a watan Disamba don toshe su. Sa'an nan ne duniya ta farga cewa kusan mutum guda ne, Harlan Stenn, ke ɗauke da nauyin manhajar daga gidansa a jihar Oregon. Shekara goma bayan haka lambar ba ta sake ba, faci kawai a ke ta ƙara mata, har aka kai na 18 a 2024.

Wasu masana suka ga faci ba zai yi ba. A 2015 suka ɗebi rubutun suka ware, suka kira nasu NTPsec, Eric Raymond ne jagoran aikin. Stenn bai ji daɗin wannan rabuwa ba, bai kuwa ɓoye ba. Su dai ba ƙari suka fara yi ba, ragi suka yi. Daga layukan umarni fiye da 200,000 suka zubar da wajen kashi uku cikin huɗu, galibi na tsofaffin na'urorin da aka daina amfani da su, bisa hujjar cewa ɗakin da aka rushe ɓarawo ba ya kwana a ciki. Sun ba da fitowar gwaji a ƙarshen 2015, amma ba su yarda sun sa mata lamba 1.0, wadda ke nufin kowa na iya dogara da ita, ba sai a watan Oktoba na 2017. Kusan shekara biyu ke nan tukunya na kan wuta, masu ƙarfin hali na ɗanɗanawa suna kawo rahoto.

Lalle wannan jinkiri abin yabo ne, sai dai mai dafa abinci ba shi ne alƙalin girkinsa ba. A 2017 ɗin aka ɗauki wani kamfanin bincike na Jamus, Cure53, ya tone manhajoji uku: tsohuwar NTP, da NTPsec, da wata mai suna chrony, wadda aka rubuta daga tushe ba tare da gadon tsohon rubutun ba. Sakamakon ya nuna ragin da NTPsec ta yi ya raba ta da wasu kurakuran uwarta, amma ba duka ba, chrony ce kuwa ta fi fita da tsabta. A ganina wannan shi ne ma'auni mafi gaskiya da aka samu cikin rigimar duka, domin baƙon da ba shi da rabo a aikin ne ya auna.

Duk da haka akwai abin da ya sa manhajar lokaci ta fi sauran wuyar yanke wa hukunci. Kuskurenta ya kan kwanta shiru shekara da shekaru, sai ranarsa ta zo. Jefi-jefi a kan ƙara daƙiƙa ɗaya a agogon duniya don ya yi daidai da juyawar ƙasa. Da aka ƙara irinta a daren 30 ga Yuni, 2012, sai wani kuskure da ke ɓoye cikin manhajar Linux ya tashi, shafin Reddit ya tsaya, fasinjojin kamfanin jiragen Qantas suka yi cirko-cirko a filayen jiragen Ostareliya. Don haka mai son sakin irin wannan manhaja ba ya iya jiran ranar, dole ya ruɗi na'urarsa a ɗakin gwaji, ya kai ta ranar da ba ta zo ba tukuna, ya ga yadda za ta yi. Hukumar awo ta duniya ta yanke shawara a 2022 cewa za a daina ƙarin daƙiƙar nan kafin ƙarshen 2035.

Wata ranar kuma na nan tafe. NTP na ƙirga daƙiƙoƙi ne tun daga 1 ga Janairu, 1900, ma'ajin ƙirgar kuwa shekara 136 kawai ya ke iya ɗauka. Sababbin manhajoji an shirya su don su tsallake wannan gaɓa, amma na'urar da aka girka a wani ofis ko banki a Jalingo, aka manta da sabunta ta, da abin da aka ɗura mata za ta riski ranar. Ma'ajin zai cika ya koma sifiri ne ranar Alhamis, 7 ga Fabrairu, 2036, da ƙarfe 7:28 na safe agogon Nijeriya.